Awon Hannun Baba Ɗanbala

Ranar da Rauf ya fara ganin Zalia, ba neman aure ya fito ba. Kan babur ya fito nema, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa shi.

Rauf tela ne a unguwar Maamobi ta birnin Accra, mai hannu mai kyau, amma yana da ciwo ɗaya da duk unguwa ta san shi da shi: babur. Ya daɗe yana mafarkin irin dogon nan mai zama ƙasa-ƙasa da ƙaton tanki, wanda samari ke kira kuruza, har Allah ya mallaka masa wani baƙi na hannu da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Tema. Idan ya tayar da shi, sai ka ji gurnanin a ƙirjinka kafin ka ji a kunne. Abu ɗaya ya rage masa. Yana son ya cire kan da babur ɗin ya zo da shi, ya sa dogo mai tashi sama, yadda in ya ratsa Kawukudi kowa zai juyo.

Shi ya kai shi Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota da babur, inda ko'ina ƙarfe ne da baƙin mai da masu kiran "Cale, aboki, me kake nema?" Ya sayi kan babur mai inci goma sha shida, ya saɓa a kafaɗa yana tafe yana jin kansa. Mai shagon ya ce tsofaffin wayoyinsa ba za su kai ba, ya nuna masa wani lungu, ya ce ya tambayi shagon Baba Ɗanbala.

Yana leƙawa ya tsaya cik. Wayoyi ne rataye tun daga rufi har ƙasa, a tsakiyarsu wata budurwa ta ɗaure mayafinta ta baya, tana narka dalma a bakin waya. Ta ɗiga ɗigo ɗaya, ta hura, ta ɗaga wayar tana dubawa a hasken ƙofa. Rauf da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, ya ji ashe bai taɓa ganin hannu mai natsuwa ba sai yau.

"Sannu, Mai Ƙaho," ta ce, idonta a kan abin da ke kafaɗarsa. "Wannan fa ya wuce kafaɗarka. Hannunka zai riƙa mutuwa kafin ka kai Circle."

"Yana da kyau paa," ya ce. Iyakar abin da bakinsa ya iya ke nan.

"To, kai ka sani. Za ka buƙaci wayar totur, wayar kuloci, da tiyon birki, duk sababbi. Ina moton?"

"Yana gida, na riga na kwance shi."

"To saurara da kyau. Ka ɗaura kan tukuna. Ka juya shi hagu har ƙarshe ka auna, ka juya dama har ƙarshe ka auna. Wanda ya fi tsawo shi za ka kawo mini. Ka ji?"

"Na ji," in ji Rauf.

Wallahi bai ji ba. Yana can yana kallon yadda dimpul ɗin kumatunta ke lotsawa in ta ce "ƙarshe".

Washegari ya dawo da awo irin na tela: ƙyalle uku da ya yanka daidai tsawon da yake so, ja na totur, shuɗi na kuloci, fari na birki. Zalia ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce tun da take ba a taɓa kawo mata awo da atamfa ba. Ta yanka wayoyin daidai da ƙyallayen, ko ɗigo ba ta rage ba. Shi kuma ya tafi da wayoyi da lambar waya.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Salam Injiniyata. Na sa wayoyin. Yanzu duk inda na murza totur, hannunki ne ke ja na."

Ta mayar masa:

"Wa alaikas salam Mai Ƙaho. Ka riƙa kallon hanya dai, kada ka ce ni na ja ka cikin gwata."

Daga nan fa Rauf ya zama ɗan kasuwar Abossey Okai ba tare da shago ba. Yau ya zo neman noti, gobe ya zo tambayar ko notin jiya ya yi daidai. Yana riƙo mata burkina mai sanyi, wato furar gero da nono, ita kuma tana sa shi riƙe mata bakin waya. Wasiu, mai sayar da fitilun mota a shagon da ke kusa, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidansu Zalia da motarsa mai sanyi, ya fara amsa sallamar Rauf da hanci.

A nan ne wata rana Rauf ya ga wani tsohon hoto manne a bango. Wani dogon mutum ne a kan ƙaton babur, ga jerin motocin biki a bayansa.

"Wane ne wannan?"

"Babana ne," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "A kan moto ya zo Accra tun daga Maraɗi yana saurayi. Da, babu amaryar da za a kai a Nima ba shi ne a gaba ba. Ina ƙarama ya ce mini, ranar nawa bikin, ko da rarrafe shi zai ja ayari."

"To yanzu fa?"

"Bayansa ya ƙi. Ba ya iya sunkuyawa ya kama kan moto, ko sallah a kujera yake yi. Ya sayar da nasa, ya bar mini shago. Ba ma yin maganar a gida."

Rauf ya daɗe yana kallon hoton. Yadda mutumin ya zauna a kan babur ɗin ya sa shi jin shi kansa wasan yara yake yi.

Da magana ta yi nisa, Zalia ta ce ya kamata ya zo ya gaida Baba kafin manya su shigo. Rauf ya ɗinka wa kansa farin kaftani, ya wanke babur har yana ɗaukar ido, ya nufi Nima bayan la'asar.

Duk wanda ya san Nima ya san lungunanta ba su san miƙewa ba. Rauf kuwa tun da ya sa sabon kai, manyan tituna kawai yake bi don a gan shi. Gab da ƙaramin masallacin da Baba Ɗanbala ke zama da abokansa akwai wata muguwar kwana, tsakanin bango da teburin mai ƙosai. Ya rage gudu, ya hango tsohon a kujerarsa, ya shirya murmushinsa, ya karya kan hagu har ƙarshe.

Sai babur ya yi kururuwa da kansa.

Hannun Rauf bai murza komai ba. Wayar totur ce ta gaza, juyawar ta ja ta. Babur ya zabura, ya kwashe bencin butocin alwala, ruwa ya fantsama, mai ƙosai ta saki matsami tana ihu, "Wayyo Allah, yaron nan zai kashe mu o!" Tayar gaba ba ta tsaya ba sai da ta taɓa ƙafar kujerar Baba Ɗanbala.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Tsohon bai ko motsa ba. Ya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa wayar, ya ji ta ɗaure tamau. Ya juya bakinta, ya ga ɗigon dalmar da shi ya koya wa 'yarsa.

"Wa ya auna wannan?"

Rauf ya buɗe baki, kunya da tsoro suka riƙe masa harshe.

"Kai ne Rauf ɗin?" in ji tsohon. "Da yaro ne ke wasa a nan fa? Ka auna abinka don miƙaƙƙiyar hanya kawai, ba ka yi tunanin kwana ba. Ba zan ɗora maka 'yata a baya ba. Tura abinka ka tafi."

Haka ya tura shi da ƙafa har Maamobi, farin kaftani ya jiƙe sharkaf.

Shirun nan da ya yi ya fi faɗuwar ɓarna. Kafin gari ya waye labari ya isa kasuwa, kuma Wasiu ya taimaka masa da ƙafa. Yana bin shaguna yana cewa, "Kun ji? Wayar shagon Ɗanbala ta kusa kashe Ɗanbala. Aikin mace ke nan." Masu gyara biyu suka dawo da wayoyin da suka saya. A gida kuwa Baba ya fara cewa ai Wasiu yaro ne mai natsuwa.

Zalia ta yi kuka, ba don aure kaɗai ba. Sunan shagon ubanta ne ake ja a ƙasa, kuma wanda ya san gaskiya ya yi gum. Ta rubuta masa:

"Na yanka daidai abin da ka kawo mini. Ka sani, Allah ya sani. Baba ya tambaye ka, ka yi shiru. Kada ka ƙara kirana."

Rauf ya karanta, ya sake karantawa. Ya tashi ya ɗauko jan ƙyallen nan daga cikin tarkacen shagonsa, ya sa aka ɗora babur a aboboya mai ƙafa uku, aka sauke a tsakiyar layin su Zalia da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta fi cika.

"Jama'a, ku zo ku gani!" ya ɗaga murya.

Ya kwance wayar totur, ya shimfiɗa ta kusa da ƙyallen a kan tebur. Tsawonsu ɗaya, kamar tare aka yanka su.

"Wannan awona ne. Ta ce in juya hagu da dama, ni na auna a miƙe. Ni tela ne fa, na san ba a ɗinka hannun riga ba a bar wa mutum wurin ɗaga hannu ba, amma na yi wa moto. Laifina ne, ba nata ba kuraa, ko kaɗan."

Wani tsohon makanike ya auna da idonsa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Yoo, gaskiya ne." Wasiu ya tuna yana da kwastoma, ya shige shagonsa. Rauf ya ɗaure jan ƙyallen a ƙofar shagon, ya ce a bar shi nan don duk mai gaggawa ya gani.

Zalia ta koma bakin aikinta. Sai da ya kai Kokomlemle wayarsa ta yi ƙara:

"Mai Ƙaho. Ƙyallenka ya yi wa ƙofata kyau. Amma Baba fa yana nan kan bakansa."

Ya amsa:

"Na sani, Injiniyata. Ki ba ni lokaci kaɗan. Wannan karon zan saurara."

Gaskiyar magana, bai san abin da zai yi ba. Ya dai koma yin la'asar a masallacin Baba Ɗanbala, yana gaishe shi, tsohon yana amsawa da ka. Yakan zauna a sahun baya yana kallonsa. Idon tela kuwa ba ya hutawa, ko yana so ko ba ya so sai ya auna mutum.

Ya lura in tsohon zai ɗauki carbi a ƙasa, fuskarsa takan yamutse. In zai miƙa hannu sama ya ɗauko hula a ƙusa, haka nan. Amma in an idar da sallah ya ɗaga hannu yana addu'a, sai fuskar ta saki gaba ɗaya. Baya a miƙe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, tafuka ƙasa da kafaɗa kaɗan. A haka yakan daɗe, ba ya ko gyara zama, har liman ya tashi ya bar shi.

Rauf ya ji kamar an nuna masa abin da ba kowa ake nuna wa ba. Akwai wuri ɗaya tak a duniya da hannun bawan Allahn nan ke zama ba ciwo, kuma wurin da yake roƙon Ubangijinsa ne.

Ya lura da layin tayil ɗin bango da yatsun suka yi daidai da shi. Bayan kowa ya fita, ya ciro tef daga aljihu, ya auna daga mazaunin kujerar zuwa layin, ya auna nisan hannun daga ƙirji.

Washegari ya shiga shagon Zalia ba ƙaho a kafaɗa.

"Ina son mu cire dogon nan. Mu nemo mai inci goma, wanda ya ɗan lanƙwaso baya."

Ta zuba masa ido. "Kai? Za ka rage? Ai inci goma ya yi maka ƙasa da abin da kake so."

"Ba awona ba ne."

Ya faɗa mata abin da ya gani. Zalia ta juya baya tana gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara, tana share ido da gefen mayafi.

Sun sha yawo kafin su samu. Wani ya yi faɗi da yawa, wani ya miƙe gaba yadda dole mutum ya sunkuya. Da suka samu wanda ya dace, tare suka ɗaura shi. Rauf ya juya hagu har ƙarshe ya riƙe, ta auna. Ya juya dama har ƙarshe, ta auna. Ta ɗaga tayar gaba sama don ta ga ko tiyon birki zai ja in an faɗa rami. Ta ƙara wa wayoyin hon da fitila tsawo, ta bi da kowace inda ba za ta goga ƙarfe ba. Sannan suka tayar da inji, ya yi ta juya kan hagu da dama. Gurnanin bai canja ba ko kaɗan.

"Yanzu ka ji?" ta ce.

"Yanzu na ji, ranki ya daɗe."

Ranar Juma'a da yamma ya turo babur da ƙafa har gaban masallaci. Mai ƙosai na ganinsa ta janye teburinta. Zalia na tsaye a bakin zaure da mahaifiyarta, Mma Saratu.

Rauf ya durƙusa.

"Baba, ban zo roƙon komai ba. Ranar nan ka tambaye ni wa ya auna, na yi shiru. Ni ne. Na gyara, amma ban yarda da idona ba. Ina so ka duba mini."

Tsohon ya kawar da kai. Amma wanda ya yi rayuwarsa a kan babur ba ya iya ƙin kallon babur. Ya saci kallo, ya sake sata, can ya ce, "Tayar da shi." Ya saurari injin. Ya ce, "Juya." Rauf ya juya hagu, ya juya dama.

"Ba a gane wannan daga kujera," in ji tsohon, kamar yana faɗa. "Kama ni."

Aka kama shi ya ɗaga ƙafa a hankali, ya zauna. Ya riga ya cije leɓe yana jiran ciwon da ya saba. Ya miƙa hannu, sai hannuwan suka sauka a kan mariƙin tun bai gama miƙawa ba. Bayansa a tsaye. Ciwon bai zo ba.

Ya daɗe a haka. Har mai ƙosai ta bar mai yana ƙonewa. Ya murza totur kaɗan, babur ya amsa, sai ga hawaye yana bin gemunsa.

"Yaro," ya ce, bai juyo ba, "kai ka fi ni tsawon hannu. Wannan ba awonka ba ne."

"Naka ne, Baba."

"Yaushe ka auna ni?"

"Lokacin da kake addu'a."

"Allahu Akbar," in ji wani daga cikin tsofaffin, a hankali.

Baba Ɗanbala ya sa giya. Ya tafi sannu-sannu har muguwar kwanar nan, ya karya kan har ƙarshe, ya ɓace. Mma Saratu ta dafe ƙirji tana salati. Suna jin gurnanin yana zagaya bayan gidaje, yara na bin sa da ihu, har ya ɓullo ta ɗaya gefen yana dariya irin wadda Zalia ta manta yana da ita.

Ya tsaya a gaban Rauf.

"Ka ce wa manyanka su kawo goro."

An ɗaura auren Rauf da Zalia wata Lahadi da safe, Nima ta cika da mata cikin yayi iri ɗaya, tukwanen waakye, wato shinkafa da wake, da na tuwon zafi na ta hayaƙi. Kayan da amarya ta sa duk ango ne ya ɗinka, kuma an ce sai da ya sa ƙanwarta mai jiki irin nata ta ɗaga hannu sama ta juya hagu da dama kafin ya yarda ya sa almakashi. Wasiu ma ya zo, har ya ba da motarsa aka ɗauki ƙawaye.

Da la'asar aka ɗauko amarya zuwa Maamobi. Rauf na tsaye a ƙofar gida, ango ba babur, yana jin gurnanin tun daga nesa. Mutane sun fito bakin hanya, tsofaffin mata na nuna wa jikokinsu, "Ga shi can, shi ne ya kai ni gidan kakanku!" A gaban ayari Baba Ɗanbala ne cikin farar babbar riga, zaune ɗoɗar, iska na kaɗa masa hannun riga. A motar da ke biye, Zalia ta ɗage mayafi kaɗan, ba ta kallon komai sai bayan ubanta.

Baba Ɗanbala ya tsaya a ƙofar, ya kashe inji. Rauf ya matso zai kama shi ya sauka, sai ya ce masa, "Dakata, ɗana. Daga nan zan yi muku."

Aka fito da amarya, aka tsayar da ita kusa da mijinta. Tsohon ya saki mariƙin babur ya juya tafukansa sama. Hannuwan ba su ɗaga ba, ba su sauka ba, suna nan daidai inda suke.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zuri'a ta gari. Yadda kuka sauƙaƙa mini, Allah ya sauƙaƙa muku a miƙaƙƙiyar hanya da kuma a kwana."

Duk layin ya amsa da amin. Zalia ta laluɓo hannun Rauf ta ƙarƙashin mayafi ta riƙe.